KU BAR MANA TSIRENMU DA YAJINSA

'Yan uwana ɗalibai, musamman mu da ke karatu a Mubi, 'yan jami'a da 'yan poli da sauran makarantu. Rubutun nan yana da tsawo, na faɗa tun da wuri. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare.

Maganar abinci zan yi. Na san wani zai ce, duk abin da ke damun ɗalibi, ga kuɗin rajista, ga haya, ga ruwa, ga wuta, sai maganar yaji? E, maganar yaji. Abin da kake barbaɗawa a kan abincinka kullum yana taɓa aljihunka, yana taɓa cikinka, yana kuma nuna yadda kake kallon gidan da ka fito. Ni ɗan Maiha ne, ƙasar noman gyaɗa, don haka maganar ta shafe ni kai tsaye.

Ga abin da ke faruwa. Akwai wani haɗi da ake kira "kirim", wato bama da kecaf a cakuɗa su har su koma kalar hoda. Da can a cikin shawarma kaɗai muka san shi. Yanzu ya tsallako ya hau komai. Indomi, kirim. Soyayyen dankali, kirim. Biredi da ƙwai, kirim. Awara, kirim. A saman kuma a yayyanka hotdog, wannan jan sosej ɗin mai santsi kamar roba, a ce an yi "sifeshal". Abin har ya kai wasu suna sayen tsire mai zafi daga tukuba, su kakkaɓe yajin, su matsa masa bama. Tsire fa! Mutum ya tashi tun asuba ya je mahauta ya zaɓo nama, ya yanka shi falle-falle, ya soke a tsinke, ya shafa mai, ya birkiɗa a garin ƙuli, ya tsaya gaban wuta hayaƙi yana cin idonsa, kai kuma ka zo ka lulluɓe aikinsa da farin maiƙo. Haba jama'a.

Matsayina a fili yake. Yajin ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir sun fi kirim da hotdog a baki, sun fi su a aljihu, sun fi su amfani ga garuruwanmu. Kuma yawancin masu gudun yaji ba harshensu ne ya ƙi shi ba, kunya ce kawai, kada a ce musu ƙauyawa. Bari in bi su ɗaya bayan ɗaya.

MU FARA DA ƊANƊANO

Wanda ya taɓa zama kusa da turmi ana dakan yaji ya san ba barkono kaɗai ba ne. Akwai busasshen barkono, akwai citta, kanumfari, masoro, kimba, tafarnuwa, gishiri, sannan garin ƙuli-ƙuli da ke riƙe su gaba ɗaya. Kowanne da aikinsa. Citta tana ɗumama maƙogwaro, kanumfari yana kashe ƙarnin nama, kimba tana ba da ɗan ɗacin nan mai ƙamshi, ƙuli yana kawo garɗi ya rage kaifin barkonon. Shi ya sa yajin kowane gida daban yake. Na Goggo ba irin na Dada ba ne, na mai tsiren bakin tasha ba irin na mai balangun cikin kasuwa ba ne. Akwai yajin daddawa, akwai na tafarnuwa, akwai yajin jego da ake daka wa mai haihuwa. Ka ɗanɗana, ka ce wannan hannun wance ne.

Kirim fa? Na Mubi da na Yola da na Abuja da na Legas duk ɗaya ne, domin daga kwalba ɗaya suka fito. Abu biyu kawai yake kawowa, maiƙo da zaƙi. Idan ya hau abinci ba ka ƙara jin abincin, shi kake ji. Awarar da aka soya yanzu da wadda ta kwana, in an zuba musu kirim, ba za ka bambance ba. Naman yau da na shekaranjiya, haka. Wannan ya kamata ya ba mu tsoro. Yaji yana fito da ɗanɗanon nama mai kyau, kuma ba ya iya ɓoye wanda ya lalace, domin hancinka zai gaya maka. Kirim kuwa bargo ne, abin da ke ƙarƙashinsa sai Allah.

Ku gwada da kanku. Ku sayi tsinke biyu na tsire wurin mutum ɗaya. Ɗaya da yaji da ɗanyar albasa, ɗaya da bama. Ku rufe ido ku ci. Wanda ya ce na biyun ya fi, to ba nama yake so ba, bama yake so, ya sayi biredi ya shafa ya huta da kashe kuɗi.

WAƊANDA MUKE KWAIKWAYO MA BA HAKA SUKE YI BA

Abin dariyar shi ne, muna yin wannan da sunan wayewa, alhali masu abin ba su yarda da shi ba.

Hotdog abincin titi ne a Amurka, kamar yadda biredi da tsire yake a wurinmu. A birnin Shikago, inda suke alfahari da nasu, abubuwa bakwai suke ɗora masa: mastad, yankakkiyar albasa, tumatir, kokwamba da aka jiƙa a ruwan tsami, wani koren haɗi na kayan lambu, ƙananan barkono, da gishirin seleri. Kecaf ba ya ciki, kuma abin kunya ne babba ya nemi a sa masa. A 2016, a wani shirin talabijin da aka ɗauka a ƙasar Biyetnam, an tambayi Barack Obama ko ya halatta a sa kecaf a hotdog, ya ce a'a, wanda ya wuce shekara takwas bai kamata ba. Ku duba jerin nan da kyau. Albasa, tumatir, barkono, abu mai tsami. Ashe ba shi ne abin da mai tsire yake yanka maka a gefen takarda ba?

Shawarma kuma daga ƙasashen Sham ta zo mana, ta hannun 'yan Labanan. A can, ta kaza da dakakkiyar tafarnuwa da mai da lemun tsami ake cin ta, ta naman sa ko rago kuma da niƙaƙƙen riɗi. Babu sosej a ciki. Tafarnuwa da riɗi! Riɗin da manoman Arewa suke nomawa ana lodinsa zuwa ƙasashen waje. Mu da muke da kayan asalin a gona, mun bar su mun rungumi na kwalba. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.

A ɗaya gefen kuma duniya tana bin namu. A Kamaru, nan bayan duwatsunmu, tsire shi ne "soya", kuma duk wanda ya taɓa zuwa Garwa ya san yadda ake tsaga dogon burodin nan nasu a cusa nama a barbaɗa yaji. A Gana suna ce masa "cicinga". A Sudan "agashe", kalmarmu ce ba ko canji. A farkon 2025 aka sanar cewa ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmar "suya" cikin Turanci. Mutanenmu da ke Landan da Amurka suna biyan kuɗi mai yawa a aika musu yaji da kilishi. Mu kuma muna zaune a garin da ke da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na ƙasar nan, inda ake loda tireloli zuwa kudu, muna yanka sosej ɗin da ba mu san daga ina ya fito ba muna ɗauka a hoto.

MAGANAR ALJIHU

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa ya san yadda rayuwar ɗalibi ta koma. Kuɗin mota daga gida ya ninka, mudun shinkafa ya tashi, gas ya gagari da yawa an koma gawayi. Wanda Allah ya ba shi sa'a ya samu bashin NELFUND, kuɗin kashewa da ake ba shi naira 20,000 ne a wata. Ku raba da kwana talatin, bai kai naira 700 a rana ba. A cikin wannan za ka ci, ka yi fotokwafin handawut, ka sayi data, ka hau Keke.

To shawarma ɗaya mai hotdog biyu da "ƙarin kirim" tana cinye kuɗin kwana nawa? Kowa ya yi lissafin da farashin layinsu. Kuma bayan awa biyu yunwa ta dawo. Da wannan kuɗin za ka sayi ƙulin da zai kai ka mako biyu kana jiƙa gari. Robar yaji ɗaya da aka dako maka daga gida tana kai ka rabin samista, ta shiga garau-garau, ta shiga ɗanwake, ta shiga taliya da mai, ta shiga dafaffen rogo, ta shiga kwaɗon zogale. Ba ta neman firij, ba ta neman wuta. Kwalbar bama kuwa da an buɗe ta sai sanyi, kuma ku gaya min ɗakin ɗalibi nawa ne a Mubi yake da firij mai aiki dare da rana.

Duk wanda ya yi zaman hostal ya san ranar ashirin ga wata. Ranar da shinkafa ta rage gwangwani biyu, babu tumatir, babu kifi, babu alat daga gida. A ranar nan ba a neman mai kirim. Ɗakin wanda ke da man gyaɗa da yaji ake bugawa. Wanda ya yi wa robarka dariya a makon farko shi ne zai zo da cokali yana cewa "abokina, ɗan taimaka min da kaɗan." Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Samari kuma, ku ji tsoron Allah. Kana cin bashi wurin mai shago, kana bin abokai da "tura min ɗari biyar zuwa gobe", amma da yamma kana tsaye wurin mai shawarma kana cewa a sa wa Hajiya hotdog biyu. Kayan aro ba ya rufe katara. 'Yan mata, ku ma ku sassauta. Wanda ya kawo miki balangu mai zafi da yaji a takarda bai raina ki ba, abin da ya fi daɗi ya kawo miki.

INA KUƊIN YAKE TAFIYA?

Nan ne abin ya fi ci min rai. Ku je Maiha bayan kaka, ku shiga Pakka, Belel, Sorau, Konkol, Mayo Nguli, ku ga gyaɗa a shanye. Ku shiga cikin gidaje ku ga aikin da mata suke yi. A soya gyaɗar, a murje, a fece, a kai inji a niƙa. A dawo a zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa da muciya har mai ya taso. A matse, a kwashe man a kwalabe. Tunkuzar da ta rage a mulmula ta, a soya a cikin man nan, ta zama ƙuli. Wuni guda cur a gaban wuta. Daga buhu ɗaya an fitar da mai, an fitar da ƙuli, ɓawon ma dabbobi sun samu.

Wannan sana'ar ce take biya wa da yawa daga cikinmu kuɗin makaranta, ko mun faɗa ko mun ɓoye. Mu da muka ga ƙarshen 2014, lokacin da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, makarantu suka rufe, mutanen Mubi da Maiha suka watse zuwa Yola da Kamaru, mun san da me aka sake tada gidaje bayan an dawo. Da ƙananan sana'o'in iyayenmu mata ne, ƙuli da man gyaɗa da ƙosai da awara. Jarin mudu biyar, riba kaɗan, a haka aka sake sayen tukunya da tabarma, a haka aka mayar da yara aji.

In ka sayi tsire da yaji, bi sawun kuɗinka. Makiyayi ya samu, dillalin kara ya samu, mahauci ya samu, mai ƙuli ta samu, mai barkono da mai albasa sun samu, mai itace ya samu. Kusan duk a cikin yankin nan kuɗin ya zagaya. In ka sayi kirim da hotdog, mai shagon ya ɗan samu nasa, ban hana ba, amma kaso mafi tsoka ya hau mota ya bar mu, ya tafi wurin kamfanonin da ke nesa. Muna zama a aji ana koya mana yadda ake ƙara wa amfanin gona daraja, muna rubutawa a jarrabawa muna cin maki, alhali matar da ta mayar da gyaɗa mai da ƙuli da yaji ta riga mu aikatawa ba tare da ta shiga lakca ba. Mu kuma da kuɗinmu muke zaɓar mu kashe mata kasuwa.

MAGANAR LAFIYA

Bama mai ne da ƙwai da ruwan tsami, kuma man ya kai kashi biyu cikin uku ko fiye. Kecaf kuma, a kowane babban cokali akwai sukari kusan ƙaramin cokali guda. Hotdog nama ne da aka niƙa aka haɗa da gishiri mai yawa da sinadaran hana lalacewa. A watan Oktoba 2015, cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya irin wannan sarrafaffen nama cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, ta ce cin giram 50 a kullum yana ƙara haɗarin kansar hanji da kashi 18 cikin ɗari. Giram 50 kusan hotdog ɗaya ke nan. Ba cewa aka yi wanda ya ci sau ɗaya ya mutu ba. Magana ce ta wanda ya mayar da shi abincin kullum, kuma akwai masu yin hakan a cikinmu.

Hukumar ta kuma ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ba. Ka haɗa indomi biyu da duk garin da ke cikin ledarsu, ka ƙara hotdog, ka ƙara kecaf, mai shayi ya ƙara maka magi. Kai da kanka ka san ka yi nisa. Sannan mu yi ta mamakin hawan jini a wurin 'yan shekara talatin.

Akwai kuma maganar ajiya. Sosej abin sanyi ne, daga kamfani har zuwa kasko bai kamata ya huce ba. Ku tuna tsawon hanyar da yake bi kafin ya iso Mubi, ku tuna zafin Maris da Afrilu, ku tuna yadda wuta take. Ya narke, ya daskare, ya sake narkewa. Kabejin da aka cakuɗa da kirim tun la'asar yana nan a roba har sha ɗayan dare. Kuma da an cire hotdog daga ledarsa, wa ya san na kaza ne, na sa ne, ko na mene ne? Wa ya ga ranar da zai lalace? Musulminmu da Kiristanmu, kowa yana da haƙƙin sanin abin da yake sa wa cikinsa. Mai tsire dai ga cinyar nan a rataye, kana gani ana yanka.

NA SAN ABIN DA ZA KU CE

Za ku ce yaji yana kawo olsa. Wannan magana ta daɗe tana yawo a hostal. Likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, sun samu kyautar Nobel a 2005 saboda sun gano cewa wata ƙwayar cuta ce a ciki take haddasa yawancin gyambon ciki. Abu na biyu da ke kawo shi shi ne yawan shan magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda muke haɗiya kamar gyaɗa lokacin jarrabawa, sau da yawa ba tare da mun ci komai ba. Wanda ya riga ya kamu, barkono yana iya tayar masa da zafin, wannan gaskiya ne, shi sai ya rage, ya je asibiti a duba shi. Amma a daina ɗora wa yaji laifin da ba nasa ba.

Za ku ce ai barkonon ma baƙo ne. Haka ne. Barkono da gyaɗa da tumatir duk daga nahiyar Amurka suka fito, Turawa ne suka yaɗa su bayan 1492. Kanumfari daga tsibiran Indunusiya yake. Kimba da masoro ne namu na gado. To amma ku duba abin da kakanninmu suka yi da baƙin. Sun karɓi iri suka shuka a gonarsu, suka daka a turminsu, suka haɗa da nasu, suka fitar da abin da babu shi a ƙasar da irin ya fito. Gyaɗar nan baƙuwa ita ta zama dalar gyaɗa a Kano. Wannan shi ne karɓar baƙon abu da hankali. Mu kuwa kwalba muke saya a rufe, mu matsa, mu jefar, mu sake saya. Duk ranar da wani ɗalibin kimiyyar abinci ya haɗa bama da man gyaɗar Maiha da ƙwan kajin Mubi ya zuba mata yajin tafarnuwa, wallahi ni zan fara yi masa talla kyauta.

Za ku ce kowa da abin da yake so, kuɗinsa ne, bakinsa ne. Na yarda ɗari bisa ɗari. Ban ce a kama kowa ba, ban ce a rufe shagon kowa ba, masu shawarma ma 'yan uwanmu ne masu neman halal. Wanda ya ci don marmari sau ɗaya a wata, Allah ya sa ya ji daɗi. Faɗana da wanda ya mayar da zaɓinsa ma'aunin wayewa, yana yatsina fuska in an buɗe robar yaji a ɗaki, yana cewa "wannan warin fa?" In kana da 'yancin matsa bama, ni ma ina da 'yancin barbaɗa yajin Dada ba tare da an kira ni baƙauye ba.

Za ku ce wurin masu tsire babu tsafta. A nan kam kuna da gaskiya a wani ɓangare, kuma zan juya kansu.

MASU TSIRE DA MASU YAJI, KU MA KU GYARA

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Baba mai tsire, muna tare da kai, amma wasunku su suke kore mana yara. Yajin wasu yanzu rabinsa magi ne da gishiri da jar kala, ƙulin kaɗan ne, wani ma garin masara ake ƙarawa don ya yi auki. Ka ci ka kwana kana shan ruwa. Wannan shi ma cuta ne, kuma maganar gishirin da na yi a sama ta hau kansa. A daina naɗe nama a tsohuwar jarida ko takardar siminti, tawada da ƙura ba kayan miya ba ne. A rufe nama daga ƙuda. A wanke albasa da kabeji da ruwa mai kyau. Hannun da ya karɓi kuɗi kada ya koma cikin yaji. Naman da ya ƙone ya yi baƙi ƙirin a yanke a zubar.

Iyayenmu masu ƙuli, don Allah a tsince gyaɗa. Wadda ta yi funfuna, ta canza kala, ta yi ɗaci, tana iya ɗauke da gubar da ake kira afalatoksin, mai lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta gaba ɗaya. A busar da gyaɗa sosai kafin a zuba a buhu, kada a ajiye ta a ƙasa mai danshi. 'Yan uwa masu karanta aikin gona da kiwon lafiya, wannan aikinku ne in kun je hutu. Ku zauna da Goggo ku yi mata bayani da harshen da take ji, ko Hausa ko Fulatanci ko Njanyi. Ilimin da bai isa madafin gidanku ba, ina amfaninsa?

Kuma ban ce tsire magani ba ne. Jan nama ma in ya yi yawa yana da nasa illar. Daidai ruwa daidai tsaki.

ASALIN CIWON

Duk abin da na lissafa, kunya ce tushensa. Yaro ya taso a Sorau ko Belel, an yi masa goma ta arziki, ranar tafiya makaranta uwarsa ta kwana tana daka, ta cika masa roba da yaji, ta ɗaure ƙuli a leda, ta zuba man gyaɗa a galan. Ya iso Mubi, tafiyar da ba ta kai wuni ba, sai ya tura kayan ƙarƙashin gado kada 'yan ɗaki su gani. A waje yana cin abin da bai ƙoshi da shi ba, da kuɗin da aka tara daga sayar da ƙulin da yake ɓoyewa. Yau yaji ya ɓoye. Gobe zai ɓoye sunan ƙauyensu, ya ce shi ɗan Yola ne. Jibi in mahaifinsa ya zo ziyara da rawani da takalmin roba, zai tare shi tun daga bakin get. Ƙaramin abu ne yake koya wa mutum babban hali. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Boko bai zo don ya raba mu da turmi ba. An turo mu ne mu koyo abin da zai sa turmin ya fi haka albarka.

ABIN DA NAKE ROƘO

Na ɗaya, ka fito da robar yajinka ka ɗora a kan tebur. Wanda ya yi dariya ka miƙa masa cokali.

Na biyu, in za ka ci hotdog, ka ce a nuna maka ledar. Ka duba lambar NAFDAC, ka duba ranar lalacewa, ka duba naman mene ne. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Na uku, masu shayi da masu shawarma, ku ajiye yajin ƙuli mai kyau kusa da kwalbar bama, ku riƙa tambaya kafin ku matsa. Ku gwada shawarmar tsire da albasa da yaji da ɗan niƙaƙƙen riɗi, ku ga ko ba za a yi layi ba.

Na huɗu, ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomi, a ranar al'adu kada a tsaya ga rawa da kaya kawai. A yi gasar yaji. Maiha ta kawo nata, Michika da Madagali da Hong su kawo nasu, 'yan Borno da Taraba da Kano su shigo, a gasa nama ɗaya a ɗanɗana.

Na biyar, mai neman sana'a a makaranta, ga ta a ƙofar gidanku. Ka sayo yaji da ƙuli daga hannun matan garinku, ka zuba a roba mai tsafta, ka liƙa suna da lambar waya da ranar da aka daka. Kai ka samu, su sun samu.

Wanda yake ganin kirim ya fi, filin a buɗe yake, ya kawo hujjarsa, amma ya zo da wadda ta wuce "haka ake yi a Abuja". 'Yan Maiha da ke dawowa daga hutu kuma, don Allah a taho da yaji da yawa, na Goggo mai kimba, domin ashirin ga wata tana nan tafe.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya saka wa iyayenmu da alheri.